Idan Ya Ce Lafiyarsa Ƙalau: Yadda Ake Bi da Wanda Taɓin Hankali Ya Fara Kamawa

Saurayi ne ɗan shekara 22. Wata biyu ke nan barci ya ƙaurace masa. Ya daina fita majalisa, ya liƙe tagar ɗakinsa da kwali, ba ya cin abincin gida sai wanda ya sayo da hannunsa. Ya ce ana zancensa a rediyo, maƙwabta kuma sun haɗe masa kai. Da an ambaci asibiti sai ya miƙe tsaye: "Ni lafiyata ƙalau. Ku ne ba ku ganin abin da ake ƙulla mini."

A nan iyalai da yawa suke cijewa wata da watanni. Suna jira ya amsa da bakinsa cewa ba shi da lafiya kafin a nemi magani, shi kuwa ciwon ne da kansa ya toshe masa hanyar ganewa.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ciwon, wanda likitoci ke kira saikosis, ya saɓa wa karin maganar, domin ƙwaƙwalwar da mutum zai duba kansa da ita ita ce ta taɓu. Sikelin da ya karkace ba ya auna karkacewarsa. A 1914 wani likitan jijiyoyi na Faransa, Joseph Babinski, ya bayyana masu shanyewar ɓarin jiki da ke dagewa hannunsu lafiya lau alhali ba ya motsi, ya raɗa wa abin suna anosognosiya. Irinsa ake gani a taɓin hankali. Babban binciken Hukumar Lafiya ta Duniya kan ciwon sikizofiriniya, wani nau'in taɓin hankali mai daɗewa, da ya fito a 1973, wanda aka gudanar a cibiyoyi 9 har da Ibadan, ya gano cewa rashin gane ciwon daga wurin mai shi ne alamar da ta fi kowace yawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna rabin masu ciwon, ko fiye, suna fama da shi. Muryar da marar lafiyar yake cewa yana ji kuwa da gaske yake jin ta: hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen ji yana aiki a daidai lokacin, ko da babu mai magana a kusa. Wanda ya ce masa "babu komai" ya ƙaryata kunnensa ne, kuma babu mai yarda da wani fiye da kunnensa.

Saboda haka a cire kalmar taurin kai daga bakin gida. Mun fi damuwa da wannan fiye da duk abin da zai biyo baya, domin iyalin da suka ɗauka gangan yake yi, faɗa za su yi da shi, faɗan kuma shi ke rufe ƙofar magani.

Akwai kuma abin da zai sauƙaƙa muku. A 1990 likitan ƙwaƙwalwa Anthony David na Landan ya nuna cewa gane ciwo kashi 3 ne: mutum ya gane ba shi da lafiya, ya gane cewa muryoyi da zarge-zargen daga ciwon suke, ya kuma yarda da magani. Ba tare suke tafiya ba. Akwai mai cewa iska ce ta taɓa shi amma ba ya fashin ƙwayarsa, akwai mai cewa "na san ƙwaƙwalwata ce" kuma ya watsar da maganin a masai. Na ukun kaɗai kuke buƙata don a fara. Sauran biyun sukan zo daga baya, wani lokaci rabi-rabi, wani lokaci su zo su koma.

Abin da ba ya jiran lallashi

Kafin komai, a tabbatar ba ciwon jiki ne ya ruɗa shi ba. Idan sauyin ya zo cikin sa'o'i ko kwana biyu-uku, da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko bayan buguwa a kai, ko mutum bai san inda yake ba, bai san safiya ce ko yamma ba, to asibiti mafi kusa a ranar. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, taifot da farfaɗiya duk suna iya zuwa da sambatu. Haka mai jego da ta rikice cikin mako 2 na farko bayan haihuwa: abin yakan sami mace 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1,000, yana tsananta da sauri, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri har likita ya gan ta. Haka wanda ya ambaci kashe kansa ko wani, ko muryar tana ba shi umarni, ko ya daina ci da sha. Waɗannan ba a jiran yardarsu.

Waye zai yi maganar

Mutum ɗaya, ko biyu in an matsa. Taron dangi, a zaunar da shi tsakiya kowa na jefo tasa, ga mai zargin an haɗe masa kai hujja ce ƙarara. A zaɓi wanda yake sakin jiki da shi tun kafin ciwo, kuma wanda bai shiga cikin zargin ba. Sau da yawa ba mahaifi ba ne, musamman in ɗan fari ne, inda kunya ta hana doguwar hira tun asali. Kawu, gwaggo, kaka mai wasa da shi, yayar da ta goya shi, abokin ƙuruciya, waɗannan sun fi samun kunnensa. Idan budurwa ce ko amarya, a nemo macen da take gaya wa sirrinta.

Sauran mutanen gida aikinsu kamewa ne. Ban da raɗa a gabansa, ban da yin shiru da zarar ya shigo, ban da dariya, ban da ɗaukarsa a waya. A ja wa yara kunne kan kalmar mahaukaci.

Yadda zaman zai kasance

Lokacin da ya fi natsuwa, galibi bayan ya ci abinci. Minti 10 zuwa 15 ya isa, amma a riƙa yi kullum ko bayan kwana biyu. A zauna gefensa a tabarma ɗaya, kada a fuskance shi ido cikin ido, kada a tare ƙofa. A kashe rediyo da talabijin. Magana gajera, ɗaya bayan ɗaya, a ba shi lokaci, domin mai jin murya yana sauraron mutum biyu ne a lokaci guda.

Masanin halayyar ɗan Adam Xavier Amador na Amurka, wanda ɗan'uwansa ya yi fama da sikizofiriniya, ya tsara hanya mai hawa 4: saurare, tausayawa, neman inda aka dace, sannan haɗa hannu. Hawan farko ya fi kowanne wuya, kuma a nan ake yawan zamewa.

Saurare a nan yana nufin ka tambaya, ka ji, ka maimaita masa abin da ya faɗa ba tare da gyara ba. "Ƙanina, gaya mini abin da ke faruwa, ina so in fahimta." In ya gama: "Wato tun bayan sallah kake jin suna zancenka ta bayan katanga, shi ya sa ba ka barci. Haka ne, ko na ɓata wani wuri?" Mutane kan ji tsoron cewa maimaitawa gaskatawa ce. Ba haka ba ne, ka nuna ka ji ne kawai. Abin da ba a yi shi ne ƙari: kada ka ce "ni ma na lura da su", kada ka taya shi leƙen katanga. Yau zai ji daɗi, gobe in ka kawo zancen likita ka zama maƙaryaci ko ɗan leƙen asirinsu.

Musu kuma ba ya cin nasara. Ka kwance fankar ka nuna masa babu na'ura, zai ce an cire kafin ka zo. Kowace hujja da ka kawo, ciwon zai saƙa ta cikin labarin, kai kuma ka koma sahun abokan gaba.

Tausayawa tana kan abin da yake ji a zuciya, wanda gaskiya ne ko da labarin ba gaskiya ba ne. "Duk wanda ya kwana 10 bai runtsa ba dole ya galabaita." "Wannan tsoro da yawa yake, kuma kai kaɗai kake ɗauke da shi."

Ba makawa zai tambaya: "Yaya, kai ma kana ganin na haukace?" ko "Ka yarda da ni?" Kada a yi gaggawar amsawa. "Zan gaya maka ra'ayina in kana so, amma bari in gama jin naka, shi ya fi muhimmanci yanzu." In ya sake matsawa a wani zaman, sai a amsa da ƙanƙan da kai: "Ka yi haƙuri in abin da zan faɗa bai yi maka daɗi ba, kuma mai yiwuwa na yi kuskure. Ni ban ji muryar ba. Ina ganin rashin barci da damuwa sun taɓa lafiyarka. Ba sai mun dace a kan wannan ba, ni dai ina tare da kai." Sau ɗaya ake faɗa, ba a mayar da shi wa'azin kullum.

Sai neman inda aka dace. Kusan kowane marar lafiya yana da kukan da shi ma ya yarda da shi: barci, faɗuwar gaba, ciwon kai, karatun da ya daina zama, rigima da mutanen gida, shagon da ya rufe, auren da aka ɗage. A kama wannan. "Mu biyu mun yarda barcin nan ya zama matsala. Mu je a duba shi." Daga nan roƙo ƙarami: zuwa ɗaya, ni zan raka ka, kai za ka yi bayani da bakinka. Wanda ya ƙi yau yakan yarda a zama na biyar ko na goma, in dai ba a ɓata a na farko ba.

Zancen iska da sammu

A gidaje da yawa shi da iyayensa duk sun tafi a kan aljanu ne ko jifa. Ba ma ganin amfanin kafa gardama a kan wannan, kuma ba sharaɗi ba ne mutum ya bar fahimtarsa kafin magani ya yi masa aiki. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani ba sa karo da ƙwaya, hadisi ingantacce ma ya zo cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Malamin da iyali suka amince da shi, in ya ce da bakinsa "a haɗa da asibiti", maganarsa takan yi abin da ta likita ba ta yi ba, don haka yana da kyau a same shi tun da wuri.

Amma akwai iyaka, kuma ba ma sassautawa a kanta: babu duka, babu mari ko sarƙa, babu hana abinci, babu turnuƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, babu mai cewa a ajiye maganin asibiti. Wanda aka ɗaure aka doka ya sami shaidar cewa da gaske ana nufinsa da sharri, kuma shekaru ba sa goge wannan. Jinkiri ma ɓarna ne. Bincike a ƙasashe da dama ya dace a kan cewa gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wahalar murmurewa. Makonni ake so a ƙirga tsakanin fara ciwo da ganin likita, kada ya kai shekara ana zagayen gidajen masu magani.

Ranar asibiti

A faɗa masa gaskiya: likita ne mai duba barci da damuwa da ƙwaƙwalwa. Wanda aka ce masa za a je gaisuwa ya tsinci kansa a ɗakin likita, zuwan farko ne kuma na ƙarshe. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware kusa da Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello, da babban asibitin ƙasa na Yamai. Ga wanda sunan asibitin kaɗai ke firgita shi, babban asibiti mai sassa da yawa ya fi sauƙin shiga.

A tafi da takarda ɗaya da aka rubuta a gida: yaushe aka fara ganin sauyi, awa nawa yake barci, kalmomin da yake faɗa kamar yadda ya faɗe su, ko ya taɓa barazana, ko akwai mai irin ciwon a dangi, duk wani jiƙo ko ƙwaya da aka ba shi. A rubuta gaskiya kan wiwi, tiramadol, kodin ko sholisho, domin suna iya tayar da ciwon, suna kuma hana shi kwanciya. Takardar tana da dalili: da yawa sukan kame kansu minti 20 a gaban likita su amsa komai daidai, sannan karanto laifinsa a gabansa tozarci ne. A miƙa ta ga ma'aikacin jinya kafin a shiga. In ya ƙi zuwa sam, dangi su je su kaɗai su nemi shawara.

Idan akwai hatsari ga rai kuma ya ƙi, ana iya kwantar da shi ba da yardarsa ba, amma hukuncin likita ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta gindaya sharuɗɗa a kan haka. Ko a wannan halin a gaya masa abin da ake yi da dalilinsa, a kuma ziyarce shi tun kwanakin farko.

Wata dabara da ake yawan yi ita ce zuba magani a kunu ko shayi a ɓoye. Muna hana ta. Ba a san nawa ya sha ba, yaro na iya shan ragowar, in illa ta taso ba shi da bayaninta, ranar da ya gano kuma zarginsa na guba ya tabbata, daga nan ko ruwan gidan ba zai sha ba.

Makonnin farko na magani

A ciwon farko da kaɗan ake farawa, magani guda ɗaya. Sunayen da za ku fi gani a kwali su ne risperidone, wanda akan fara da miligiram 1 zuwa 2 a rana, olanzapine miligiram 5 zuwa 10 da dare, haloperidol miligiram 1.5 zuwa 3, da chlorpromazine. Likita ne ke zaɓa da ƙarawa, mun kawo adadin ne don ku gane in an tsallake hankali. Ku gaya masa abin da aljihunku zai iya ɗauka duk wata, domin magani mai araha da ba ya yankewa ya fi mai tsada da za a sha wata biyu a tsaya.

Barci da natsuwa su ke fara dawowa, cikin kwanaki. Muryoyi da zargi sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 suna dusashewa. Ba a yanke wa magani hukunci kafin mako 4 zuwa 6. Gane ciwon shi ke zuwa a ƙarshe.

Illolin magani su ne suka fi sa wanda dama bai yarda da ciwon ba ya ajiye shi, don haka a san su tun kafin su zo. Wuya ya karkace, ido ya kafe sama, harshe ya zazzago ko muƙamuƙi ya ƙage a kwanakin farko, musamman ga samari masu shan haloperidol: ba aljanu ne suka tashi ba, illar magani ce, kuma allura ko ƙwaya a asibiti tana warware ta da sauri. Akwai kasa zama wuri ɗaya, ƙafa ta yi ta neman tafiya. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin tsanantar ciwo a ƙara magani, abin ya ƙaru, alhali ragewa ko sauyawa ake buƙata. Olanzapine yana buɗe ciki da sa ƙiba, a auna nauyi kafin a fara da kowane mako na makonni 6 na farko, a gwada sukari a jini. Risperidone yana iya tsayar da al'ada, ya kawo ruwan nono, ya rage ƙarfin namiji, kuma kunya kan hana a faɗa, sai dai a daina sha a ɓoye. A ba shi dama ya ga likita shi kaɗai. Benzhexol, wanda ake bayarwa don sanƙarewar jiki da rawar hannu, kada a saye shi a kemis ba da rubutun likita ba, ana shan sa don maye. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa kuwa, a tsayar da maganin a garzaya asibiti nan take.

Bayan alamomi sun kwanta ana ci gaba da sha aƙalla shekara 1, sau da yawa 2 ko fiye, kuma a hankali ake janyewa ƙarƙashin kulawar likita. Wani bincike da aka buga a 1999 kan masu ciwon farko a New York ya gano kusan 8 cikin 10 ciwon ya dawo musu cikin shekara 5, kuma barin magani ya ninka hatsarin kusan sau 5. Ga mai mantuwa ko wanda ƙwaya ke jawo rigima kullum, akwai allura mai daɗewa ta kowane mako 2 zuwa 4, wadda ke cire tambayar "ka sha?" daga tsakaninsa da mahaifiyarsa. Kafin azumi a tambayi likita yadda za a mayar da lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma kiyaye barcinsa.

Lokacin da ya fara ganewa

Da ƙananan kalmomi yake zuwa: "wataƙila", "kamar dai", "ko ni ne na ɗauka haka?" Mai zama da shi zai iya tambaya sau ɗaya a mako: "In goma ita ce cikakken tabbaci, yau nawa kake ba zancen maƙwabtan nan?" Daga 10 zuwa 7 babban ci gaba ne. Kada a ce "ai mun gaya maka", kada a tuna masa abin da ya yi a tsakar gida. A bar shi ya kira abin da sunan da zai iya ɗauka, ko ciwon damuwa ne, ko "lokacin da ban da lafiya".

Wannan lokacin da gida ke sakin jiki shi ne muke so a fi sa ido. Mutum ya farfaɗo ya ga shekarar karatu ta wuce, an fasa aurensa, unguwa ta san labari. Baƙin ciki mai nauyi yakan biyo bayan ganewa, kuma kimanin 5 cikin 100 na masu sikizofiriniya suna rasa ransu ta hanyar kashe kai, mafi yawa a shekarun farko. A tambaye shi kai tsaye, cikin taushi: "Akwai lokacin da kake jin gara mutuwa? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?" Tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, a koma wurin likita a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. A fitar da fiya-fiya, maganin ɓera da na feshin gona daga gidan, maganinsa kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya, ana ba shi na mako guda. A mayar da shi cikin mutane da ƙaramin aiki na gaske, tsaron shago awa 2, rakiya gona, jam'in sallah, domin wanda ya ga yana da sauran amfani ya fi iya ɗaukar sanin cewa ya yi ciwo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ganewar da ta dawo tana iya sake gushewa in ciwon ya motsa, saboda haka a yi yarjejeniya tun yana cikin hayyacinsa, da rubutun hannunsa in zai yiwu. A rubuta alamominsa na farko, waɗanda sukan maimaita kansu: dare 2 ko 3 ba barci, rufe ɗaki, ƙin abincin gida, yawan shiru ko yawan magana. A rubuta wanda ya amince ya gaya masa in an gan su, asibitin da za a je, lambar katinsa, maganin da ya karɓe shi da wanda ya ba shi wahala. Kwafi ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin wanda ya zaɓa, ɗaya a cikin fayil ɗinsa na asibiti, a kuma sake duba takardar tare duk lokacin da aka sauya masa magani.